Dona Efigênia da Radiyam Marar Uba

Ni dai ban iya jiran kofi ya gama tacewa ba. Da na ga ruwan ya rage ɗan kaɗan a matatar ƙyalle sai in kama ta in matse da yatsu, in ƙone, in zagi matatar, kofin kuma ya fito da ɗaci. Matata ta daina yi mini magana a kai tun yaranmu suna firamare. Na faɗa ne don mai karatu ya san irin mutumin da ƙungiyar ma'aikata ta ɗora wa rubuta jinjinar Dona Efigênia Vilela, wadda ta yi shekara talatin da 'yan kai tana zaune gaban bututun gilashi tana jiran ɗigo ya faɗo, ba ta taɓa matsa masa ba. Ta ajiye aiki ƙarshen watan jiya. Aka nemi wanda zai rubuta aka rasa, sannan wani ya tuna akwai Belmiro a sito, wato ni, ba ya komai bayan abincin rana.

Motar ma'aikata takan baro gari da sassafe, ta hau tudun nan namu na kudancin Minas gajimare na kwance kan gonakin kofi. Dona Efigênia kullum tana kujerar bayan direba, jaka a cinya, tana cin burodin cukunta ba ta kula kowa. Takan cinye kafin a iso, domin da zarar mutum ya tsallake jan layin da ke bakin ɗakin gwaje-gwaje, ba ci ba sha, ko cingam ne. Ta canza takalmi, ta sa farar riga, ta maƙala ɗan bajon da ke auna tiririn sinadaran nukiliya da ya taɓa jikinta. Kafin ta gai da mutane sai ta gai da bututanta. Suna jere cikin akwatin zuƙar hayaƙi, sirara kamar alƙalami, kowanne cike da rezin, wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi. Abin da take dubawa shi ne ko akwai wanda ruwansa ya ƙafe. Wanda ya bushe ya tashi daga aiki, kuma ranar duk wanda ya ce mata ina kwana sai ya ji ba daɗi.

Kayan da ake kawo mata ba masu kyan gani ba ne. Garin yuraniyam mai ruwan ɗorawa, laka daga tafkin tsohuwar mahaƙa, dusar da ta rage bayan an sarrafa baƙin yashin bakin teku. A cikin kowanne akwai yuraniyam, akwai toriyam, akwai radiyam, duk a cakuɗe kamar dangi a gidan biki, kowa na magana lokaci guda. In aka kai su haka gaban na'urar ƙirga, za ta ce akwai hayaniya, amma ba za ta iya cewa muryar wa ce ba. Aikin Dona Efigênia shi ne ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi magana shi kaɗai. Sunan aikin kuromatogirafi. Na rubuta kalmar a takardun odar kaya ba iyaka, ban taɓa yarda na furta ta a gaban mutane ba.

Takan narkar da abin a asid, ta zuba a bututu, ta zauna. Kowane sinadari da irin taurin kansa: wani ya riƙe ƙwayoyin rezin gam, wani ya wuce abinsa ya faɗa kofin da ke ƙasa. Sai ta sauya ƙarfin asid ɗin, wanda ya riƙe ya saki, ta tare shi a wani kofi daban. A ƙarshe kowanne ta dasa shi a kan ɗan farantin ƙarfe kamar kwabo, ta miƙa wa Tarcísio a ɗakin ƙirga. Tun farko takan ɗiga wani abu da ta san adadinsa daidai, wanda take kira ɗan rakiya. Shi ke bin kayan tun daga asid har faranti, in an iso a ga nawa ya rage daga cikinsa, a san nawa aka yar a hanya. Kusa da kowane jeri kuma akwai bututu guda da ba a zuba masa komai sai asid zalla, ana yi masa duk hidimar da ake yi wa sauran. Shi ne fanko. In fanko ya yi magana, to ƙazantar daga hannun mai aiki ta fito.

Ɗigon ba ya sauri. In aka matsa masa, sinadaran su bi juna su sake cakuɗewa. Tarcísio, wanda na'urorinsa ke zaman jira, yakan leƙo ta taga.

"Dona Ɗigo-ɗigo, yau dai za mu ga faranti, ko jikokina ne za su ƙirga?"

"Jikokinka? Fara samo wadda za ta yarda ta aure ka tukuna."

"Ina jiran ki yi ritaya ne in kawo ƙoƙon bara."

"Wanke wannan rigar taka kafin ka zo. Tafi ka ba ni wuri, kana tsare mini haske."

Shi Tarcísio ɗin ne ya ba ni labarin ranar da fanko ya yi magana. Aikin mako guda ne cur a kan garin yuraniyam, masu kayan suna bugo waya safe da yamma. Ya ce abin da ya fito a fankon ɗan mitsitsi ne, da shi ne da ya ɗauke kai. Ta bi kofunanta da ido, ta gano ita da kanta ta maimaita wani kofi da ba ta jiƙa a asid ba. Ta kwashe farantan gaba ɗaya ta jefa a kwandon sharar tiriri, ta je ofis ta ce laifinta ne, ta dawo ta fara daga farko. Ba ta da sauƙin zama, kada in yi wa mai karatu ƙarya. Ta sha mayar mini da kwalin safar hannu don wai hoda ta yi yawa a ciki, kuma ba ta taɓa zuwa gasa naman ƙarshen shekara ba.

Amma labarin da ya sa aka ce a rubuta wannan shafi na Seu Onofre Siqueira ne.

Seu Onofre a rumbu yake aiki, inda ake ajiye gangunan dusar toriyam. Shekara guda aka ɗauke su aiki shi da Dona Efigênia. Masu aikin rumbu lokaci-lokaci akan karɓi bayan gidansu a roba a gwada, domin ƙurar da mutum ya shaƙa ta nan take bi ta fita. Ana yin gwajin gaggawa ne da farko, wanda ba ya rabe komai, yana faɗin yawan hayaniya kawai. Wannan karon na Seu Onofre ya yi sama, sama sosai. Dakta Anselmo, likitan ma'aikata, ya dakatar da shi daga shiga rumbu ya ce ya zauna gida a sake gwadawa.

A ƙasar nan babu mai shekarunmu da ya manta abin da ya faru a Goiânia, da yarinyar da wani shuɗin gari mai tiririn nukiliya ya kashe. Seu Onofre ya je gida ya kwashe katifarsa ya koma ɗan ɗakin bayan gida kusa da kejin kaji. Ya ware kwanonsa da cokalinsa. Ya hana matarsa, Dona Nazaré, wanke rigunansa tare da na kowa. Kuma a daidai lokacin ne 'yarsa ta haihu, jikarsa ta fari, aka sa mata Luzia, aka ce kakan ne zai zama uban baftisma, a yi bikin ranar idin waliyyiyar da ta ci sunanta, cikin Disamba. Uban baftisma shi ke riƙe jaririya a gaban fada, wato limamin coci. Seu Onofre ko kallonta ta taga yake yi, daga tsakar gida, hula a hannu.

Dakta Anselmo ya yi masa bayani har ya gaji. Ya ce ko da a ce abin yana cikinsa, ba ya tsallake fata ya kama wani, ya ɗauki jikarsa ba abin da zai same ta.

"Dakta, kai da baki ka faɗa. Ita na'ura da lamba ta faɗa. In yarinyar nan ta yi ko tari ne bayan na ɗauke ta, ina zan sa kaina?"

Aka karɓi samfuri na biyu bayan ya yi makonni a gida, ko ƙofar rumbu bai gani ba. Ya fito ya fi na farko.

Nan ne hankalin kowa ya tashi, har likitan. Mutum ya bar ƙura, lamba ta ƙaru. Seu Onofre ya ce shi ya gane, abin haihuwa yake yi a cikinsa. Ya aika wa surukinsa cewa a nemi wani uban baftisma. 'Yarsa ta ce in ba shi ba, to ba baftisma. Dakta Anselmo ya ɗauki robobin biyu da kansa ya kawo bakin jan layi.

"Dona Efigênia, hayaniya muka ji. Ki faɗa mini su waye a ciki."

"Zai ɗauki lokaci."

"Na sani. Bikin cikin Disamba ne."

"Ban tambaye ka ba, Dakta. Ajiye a nan."

Ta busar, ta ƙona a tanda har ya zama farar toka, duk barandar ta ɗauki wari. Tarcísio ya toshe hanci ya ce shi dai da ya yi karatu bai san makomarsa ƙirga kashin Onofre ba ce. Ta ce ya gode wa Allah, wasu ko wannan ba su samu ba. Ta narkar da tokar, ta ɗiga ɗan rakiya, ta jera bututai da fankonsu, ta zauna. Ta san mutumin yana can kusa da kaji. Ta san kuma in ta buɗe ɗan famfon bututun ko rabin juyi ne za ta rage kwanaki, amma abin da zai fito ba za ta iya rantsuwa a kansa ba. Ta bar famfon yadda yake. Wata rana da hantsi aka ce mata Seu Onofre yana waje yana son ganinta. Ta fito ta same shi ya tsaya nesa, ya ƙi matsowa.

"Efigênia, don girman Allah, har yanzu?"

"Har yanzu."

"Ke ba ki da tausayi ne? Ruwa ne fa kawai yake ɗiga."

"Naka ne yake ɗiga, Onofre. Kana so in ba ka amsa mai sauri ko wadda za ka yarda da ita? Kuma matso nan, ba zan yi ta ɗaga murya kamar mai tallan lemo ba."

Bai matso ba.

Da farantan suka fito daga ɗakin ƙirga, Tarcísio bai yi wasa ba, ya kawo mata da kansa. Radiyam ya cika farantinsa. Farantin toriyam kuwa kusan shiru, ɗan motsi kaɗan. Abin da ya sa wannan ya ɗaure mata kai shi ne, radiyam ɗin da ke cikin gangunan rumbu ɗan toriyam ne, daga jikinsa yake fitowa, kuma a ƙurar nan ba sa rabuwa. Wanda ya shaƙi ɗan ya shaƙi uban. Ga ɗa ya zo da yawansa, uban kuwa da ƙyar ake jin tarinsa. Ta zargi hannunta kafin ta zargi kowa. Ta duba fanko, shiru. Ta duba ɗan rakiya, ya iso lafiya. Duk da haka ta ɗauki ragowar tokar ta sake yi daga farko, aka sake samun abu ɗaya.

"Wannan radiyam ɗin ba shi da uba," ta gaya wa likita. "Ba daga rumbu ya zo ba. Daga ina ya zo, ban sani ba."

Shi ma bai sani ba. Aka aika aka ɗebo ruwan rijiyar gidan Seu Onofre, da ƙasar lambunsa, har da ƙwan kajin. Ta bi su duka ta bututu, ba komai. Nuwamba ta shigo.

A nan garin, mai neman alfarma ba ya zuwa hannu rabbana. Dona Nazaré, wadda asalinta 'yar Pará ce daga can arewa, ta hau motar haya ta zo ta zauna a bencin bakin ƙofa da gwangwani a cinya, ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga matar da ke riƙe da ran mijinta. Dona Efigênia ta wanke hannu ta fito.

"Baiwar Allah, ban zo in dame ki ba. Ga ɗan abin taɓawa, da hannuna na yi. Kastanya ce, gyaɗar itace ta garinmu, ba irin ta kanti da ta shekara a leda ba. Wana ne ya aiko da buhu guda tun watan Yuli."

"Ba na karɓar komai a kan aiki, Dona Nazaré."

"Wayyo Maryamu, wa ya ce a kan aiki? Ci za ki yi ki ji ƙarfi. Tana wanke jini fa, kowa ya sani a wajenmu. Shi kansa tsohon da farko 'yan ƙwayoyi yake ci da kofi. Tun da wannan masifa ta zo na ninka masa, safe cikin tafin hannu, dare cikin tafin hannu, in niƙa masa a madara, in barbaɗa a garin rogo. Yana ƙi ina ɗura masa. Ni dai abin da zan iya ke nan."

Dona Efigênia ta dubi gwangwanin.

"Tun yaushe kika ninka?"

"Tun ranar da aka dawo da shi gida."

"Wadda ba ki sarrafa ba, da saura?"

"Rabin buhu."

"To na fasa, zan karɓa. Amma ɗanya nake so, gobe. Kuma daga yau kada ya ƙara cin ko ƙwaya ɗaya."

"Kai! Ke ma kin fara irin maganar likitoci."

Da ta kai wa Dakta Anselmo maganar, ya dafe goshi. Ya ce ya taɓa karantawa tun yana ɗalibi, ya manta sarai: itacen kastanya saiwarsa na yawo nesa cikin ƙasa, tana zuƙo radiyam ta tara a 'ya'yan, toriyam kuwa ba ya hawa itace. Ga mai cin 'yan ƙwayoyi ba wani abu ba ne. Amma karatu daban, faranti daban. Dona Efigênia ta ƙona kastanyar Dona Nazaré, wannan karon baranda ta yi ƙamshi har mutanen ofis suka fito suna tambaya wa ke toya biskit. Ta bi da tokar ta bututai. Radiyam ya fito, irin wancan sak, ba uba.

Saura a tabbatar a jikin mutumin. Aka bar shi makonni ba kastanya, Dona Nazaré na ta ƙunƙuni wai an hana mara lafiya magani. Aka karɓi samfuri na uku ana saura ɗan lokaci kaɗan biki. Seu Onofre ya ce shi ba zai ji sakamako daga bakin kowa ba sai nata, don haka likita ya haɗa su a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban kantin abinci, da rana tsaka. Ina wurin, na fito shan iska, kamar yadda nakan fito duk lokacin da na hango abin ji.

"Radiyam ya sauka, Onofre. Ya kusa ƙarewa. Kastanyar matarka ce."

"Kastanya."

"Kastanya. Buhun wanta."

Ya zauna a kan dakali, ya cire hula, ya rufe fuska da ita. Kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba.

"Wata nawa ina kwana da kaji saboda gyaɗa. Sai na kashe wannan surukin nawa. To in je in ɗauki yarinyar?"

"Tun farko da ka ɗauke ta ba abin da zai same ta, Dakta ya gaya maka. Amma yanzu ga shi a faranti. Je ka ɗauka."

Ya miƙe, ya kama hannunta da hannu biyu, karo na farko da ya taɓa wani mahaluki tun da aka dakatar da shi. Ta bar shi ya riƙe. Ta so ƙwarai ta tsaya a nan. Tun a ɗakin ƙirga take juya abin a ranta, ta san ba yadda za a faɗe shi ya yi daɗi.

"Saura magana ɗaya. Zauna."

Ya zauna.

"Toriyam ɗin, uban, yana nan. Kaɗan ne, amma yana nan, a samfuri na farko, da na biyu, da na uku. Ba kastanya ta kawo shi ba, na ƙona ta ban gan shi ba. Ka daɗe ba ka shiga rumbu ba kuma har yanzu yana fitowa, wato daga huhunka yake tasowa. Ba zai taɓa yarinyar ba, kuma Dakta ya ce bai kai na tashin hankali ba in an tsaya a nan. Kana cire takunkumi in rana ta yi zafi?"

Ya dubi ƙasa.

"Kowa na cirewa, Efigênia."

"Ban ƙona na kowa ba. Naka na ƙona."

Dakta Anselmo ya ce a hankali, wanda aka ga toriyam a huhunsa ba ya komawa cikin ƙura, za a nema masa wani wuri. Seu Onofre bai kalli likitan ba, ita yake kallo. Aikin rumbu ne ke ba mutum damar yin ritaya da wuri, kuma shi ya kusa.

"Kin riga kin rubuta?"

"Yau zan rubuta."

"To rubuta na farkon kawai. Ba ƙarya kika yi ba, radiyam suka ce ki nemo, kin nemo. Wannan ɗan abin da ke da kanki kika ce da ƙyar ake jinsa, wa zai tambaya? Dakta mutumin kirki ne. In suka mayar da ni bakin ƙofa sai na tsufa ina ɗaga wa motoci sanda. Tare muka shigo wurin nan, 'yar'uwa. Na yi miki alkawari ba zan ƙara cire takunkumi ba, ko zan suma."

Na fara jin kunyar tsayuwata a wurin.

"Da na ce maka radiyam ɗin na kastanya ne, ka yarda nan take. Likita ya yi wata da watanni yana faɗa maka ka ɗauki jikarka ka ƙi. Me ya sa ka yarda da ni?"

"Don ke ba kya..." Bai ƙarasa ba.

"To."

Ta zare hannunta, ta koma ciki, ta canza takalmi. Tarcísio ya ce ranar ba ta ce masa uffan ba ko da ya tsokane ta, kuma shi ma bai sake ba.

An yi baftisma ranar da aka sa. Na je, don an ce za a yi gashin alade. Seu Onofre ya sa kwat ɗin aurensa da ta ƙi rufuwa a ciki, ya riƙe Luzia kamar tiren ƙwai, fada ya zuba ruwa, ta tsala ihu, shi kuma ya ƙi miƙa ta ga uwarta har aka fito daga coci. Dona Nazaré ta yi kek ɗin kastanya, ta bi kowa da faranti tana cewa likita ya ce 'yar kaɗan ba komai. Ran Litinin na ba Dona Efigênia labari a mota. Ta tambaye ni ko yarinyar ta yi kuka, na ce ta yi, ta ce madalla, ta ci gaba da cin burodinta. Bayan wannan ne aka sa fanka mai ƙarfi a rumbu, aka sauya lokutan aiki don kada a riƙa ɗaga ganguna cikin tsakar rana, aka kuma bi da samfurin sauran masu aikin ta bututanta ɗaya bayan ɗaya.

Dona Efigênia, na san ba kya son irin wannan, kuma na san za ki nemo kuskure a bayanin da na yi na rezin. Ki yi haƙuri ki ji. Ke ce kika mayar da kaka cikin ɗakinsa, kika sa jika a hannunsa. Ke ce kika fitar da huhunsa daga ƙura alhali bai roƙe ki ba. Lambobin da ake kai wa manya su sa hannu, waɗanda a kansu ake cewa wannan ruwa a sha, wannan ganga a rufe, wannan kaya a ɗora a mota, da yawansu daga ƙarƙashin bututanki suka ɗigo, kuma ba a taɓa rubuta sunanki a saman takarda ba sai can ƙasa da ƙananan haruffa. Uwar ɗigo, wadda fankonta ba ya magana sau biyu. Mu da muke zaune a gangaren tudun nan, muna shan ruwansa, 'ya'yanmu suna wanka a rafinsa, barcinmu ya dogara ne a kan cewa akwai wadda ba ta buɗe famfo rabin juyi in ba mai kallo.

Mun gode. Masu aikin rumbu sun gode, ɗakin ƙirga ya gode, sito ma ya gode duk da kwalayen safar hannu. Allah ya ba ki hutu mai tsawo da lafiyar cinsa. Ku kuma da kuka gaji kujerarta da bututanta, ku riƙa jera fanko ko kuna sauri, ku zargi hannunku kafin ku zargi samfuri, in kuma faranti biyu suka yi magana ku faɗi duka biyun, ko da mai jin ɗan'uwanku ne. Ku yi koyi da ita.

Seu Onofre yana bakin ƙofa har yanzu, da sauran shekaru a gabansa. Shi ya ɗaga wa motar ma'aikata sanda ranar da ta fita fitar ƙarshe. Bai gaishe ta ba. Rabonsa da gaishe ta tun ƙarƙashin bishiyar nan.